Kumbo a Zama Ɗaya: Nazari kan Ɗakunan Tsara Jiragen Sararin Samaniya

Kafin a yanka ƙarfe ko a ɗaure kusa ɗaya, kumbo yakan yi shekaru yana rayuwa a matsayin lissafi kawai. Hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, tana kiran wannan zango Mataki na 0 da Mataki na A, NASA ta Amurka kuwa tana ɗaukar farkonsa a matsayin share fagen Mataki na A. Kuɗin da ake kashewa a wannan lokaci bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na ƙira da harbawa, amma a nan ne ake yanke shawarwarin da za su ɗaure sauran kasafin gaba ɗaya: ina za a nufa, wace roka ce za ta ɗauka, da hasken rana za a samu wuta ko da makamashin nukiliya, na'urorin bincike nawa za a ɗora. Tun tsakiyar shekarun 1990 manyan hukumomi suka koma yin wannan aiki a ɗakuna na musamman, inda ƙwararrun kowane fanni ke zama wuri ɗaya su tsara kumbon a lokaci guda. Abin da nazarin nan yake so ya nuna shi ne cewa ɗakunan ba lissafi suka gaggauta ba, jira suka kashe, kuma daga nan ne ƙarfinsu da rauninsu duka suka samo asali.

Sai an fahimci yadda sassan kumbo suke riƙe da juna kafin a ga dalilin wannan tsari. A ce masanin kimiyya ya nemi a ƙara wa kyamararsa ƙarfi. Kyamarar za ta tara hotuna masu yawa, don haka sai an faɗaɗa eriya ko an ƙara wa na'urar aika saƙo wuta. Ƙarin wuta yana bukatar manyan farantan sola da batir mai girma. Wutar da aka ƙara za ta zama zafi, a sarari kuma babu iskar da za ta kwashe shi, dole a faɗaɗa farantan fitar da zafi. Duk waɗannan nauyi ne, nauyi kuma mai yake ci. Bisa ƙa'idar roka da Konstantin Tsiolkovsky ya wallafa a 1903, idan tafiyar tana bukatar sauyin gudu na kilomita 2 a daƙiƙa da injin sinadari na yau da kullum, kowane kilo ɗaya da aka ƙara yana jawo kusan kilo 0.9 na mai. Man yana bukatar tanki mafi girma, tankin yana bukatar gangar jiki mafi ƙarfi, ita ma nauyi ce, sai lissafi ya sake zagayowa farko. Wani lokaci zagayen yakan tsaya a kan adadi mai ma'ana. Wani lokaci kuwa sai ya yi ta hawa har ya fi ƙarfin rokar da aka zaɓa, a wayi gari ana maganar wata roka da wani kasafi dabam.

Nisan tafiya yana ƙara tsananta lamarin. Kusa da duniyarmu, murabba'in mita ɗaya yana samun hasken rana na kimanin wat 1,360. A kusa da Jupita kimanin wat 50 ne kawai. Shi ya sa kumbon JUICE da ESA ta harba ranar 14 ga Afrilu, 2023 yake ɗauke da farantan sola masu faɗin murabba'in mita 85. A irin wannan tafiya, wat goma da wani ya nema a kan takarda kaya ne da kowa a aikin zai ji nauyinsa.

A tsohon tsari, bi da bi ake yi. Mai lissafin hanya ya gama nasa ya aika rahoto, mai injin turawa ya ɗora a kai, mai wuta ya jira su biyun. Injiniyan da ke kula da kumbon gaba ɗaya yana tattara alƙaluma, a yi taro bayan mako biyu, a tarar cewa mai zafi yana aiki da adadin wutar da aka riga aka canja tun makon jiya. Abin ya yi kama da babbar rigar da mai yanka da mai ɗinki da mai aikin wuya ba su taɓa haɗuwa ba, kowa da awon da ya ji a bakin ɗan aike. Kowane zagaye ɗaya na lissafin da aka bayyana a sama yakan ci makonni, ga shi kuma ana bukatar zagaye da dama kafin alƙaluma su daidaita.

Tunanin haɗa fannoni tun daga farko ba a harkar sararin samaniya aka fara shi ba. A 1988 cibiyar nazarin tsaro ta IDA a Amurka ta fitar da rahoto mai lamba R-338 kan yadda za a yi amfani da shi wajen sayen makamai, kamfanin Boeing kuma ya tsara jirginsa 777 a farkon shekarun 1990 da ƙungiyoyin da suka haɗa masu zane da masu ƙira. Matsin kuɗi ne ya kawo shi NASA. Daniel Goldin ya zama shugaban hukumar a 1992 da manufar yin ayyuka cikin sauri, da inganci, da araha. Ɓacewar kumbon Mars Observer a watan Agustan 1993 ta ƙara nuna haɗarin zuba dukiya mai yawa a aiki ɗaya. Aka koma ƙananan ayyuka masu yawa da ake zaɓa ta hanyar gasa, irin na shirin Discovery. Ke nan cibiyar JPL ta NASA da ke Pasadena a jihar Kalifoniya ta sami kanta tana bukatar tsara kumbuna da yawa a takarda kowace shekara, alhali mafi yawansu ba za su taɓa tashi ba. A 1995 ta kafa irin wannan ɗakin tsarawa, Team X. Cibiyar Goddard ta NASA da kamfanin Aerospace Corporation suka buɗe nasu ɗakunan ba da daɗewa ba. ESA ta fara gwajin nata ɗakin, CDF, a ƙarshen 1998 a cibiyar ESTEC da ke Noordwijk a ƙasar Holan, ƙarƙashin jagorancin Massimo Bandecchi, inda aka soma da nazarin wani ƙaramin tauraron ɗan adam mai suna CESAR. Daga baya hukumar CNES ta Faransa ta yi nata a Toulouse, DLR ta Jamus a Bremen, cibiyar Glenn ta NASA kuma ta kafa ƙungiyar COMPASS a 2006.

Wanda ya shiga ɗakin ba zai ga wani abin al'ajabi ba. Tebura ne da aka jera suna fuskantar manyan allunan nuni, kowace kujera da fanninta: hanya da falaki, injin turawa, wuta, zafi, gangar jiki, sarrafa fuskantar kumbo, sadarwa, kwamfutar cikin kumbo, tashoshin ƙasa, kuɗi, haɗari. Mutum goma sha biyar zuwa ashirin da 'yan kai ne. Kowa yana da nasa lissafin, kuma shekaru da yawa a manhajar Excel ake yin sa, amma duk an ɗaure su da rumbu ɗaya na alƙaluma. Mai wuta ya canja girman batir ya tura, nan take mai gangar jiki da mai zafi su ga sabon adadin. Akwai shugaban zama mai ba da dama da tsayar da magana, akwai injiniyan da ke sa ido kan jimillar nauyi da wuta. Sai kuma mai aikin, wato masanin kimiyya ko manajan da ya kawo buƙatar, wanda a ganina kujerarsa ta fi ta kowa muhimmanci, domin shi kaɗai ne zai iya cewa ya haƙura da na'ura ta huɗu a lokacin da allo ya nuna nauyi ya haura. A Team X an saba kammala nazari cikin zama uku na awa uku-uku, ban da shirin da ake yi kafin nan da rubuta rahoto daga baya. A CDF zaman yakan kai awa huɗu, a yi shi sau da dama cikin 'yan makonni. ESA ta ce nazarin da kan ci wata 6 zuwa 9 ya dawo mako 3 zuwa 6.

Ina wannan lokaci ya tafi? Lissafin girman batir ko tankin mai a wannan mataki ba ya cin wata guda ko a tsohon tsari, awanni ne. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, wadda ta zauna ta lura da Team X kuma ta wallafa bincikenta a 2002, ta mai da hankali kan abin da baƙo zai ɗauka hayaniya ce: injiniya yana aikinsa amma kunnensa yana kan ɗakin, da ya ji an ambaci adadin da ya shafe shi sai ya tashi, mutum biyu ko uku su keɓe gefe su warware matsalar cikin mintuna su koma kujerunsu. Masu bincike a Jami'ar Stanford da suka yi nazarin ƙungiyar suka ɗora alhakin saurin a kan gajarta tazarar da ke tsakanin tambaya da amsarta, har suka ɗauki tsarin suka kai shi harkar gine-gine. Tambayar da kan kwana uku a akwatin wasiƙa ta koma ta minti ɗaya. Wannan ne ya sa sayen alluna da kwamfutoci bai isa a ce an kafa irin wannan ɗaki ba. Dole wanda ke kan kujera ya zama gogagge da zai ba da amsa a take, kuma yana da ikon tsayawa a kan amsar ba tare da ya ce sai ya tambayi maigidansa ba. Ƙwararrun kuma yawanci aro ake yi daga ayyukan da suke kai, su yi zaman su koma, abin da ke sa iliminsu ya kasance na yanzu.

Amsa a take tana da farashi. Wanda aka ba minti goma ya faɗi nauyin wani sashe ba zai ƙirƙiro sabon abu ba, zai duba abin da aka taɓa harbawa ne ya daidaita shi. Tsarin ya san da wannan rashin tabbas, shi ya sa ake ajiye rara. A ƙa'idar ESA ana ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan nauyin kayan da aka riga aka ƙera aka gwada, kashi 10 a kan wanda za a yi wa ɗan gyara, kashi 20 a kan sabo fil, sannan a ɗora wani kashi 20 a kan jimillar kumbon. Dabara ce mai kyau, sai dai a lura da abin da take haifarwa a cikin ɗaki: duk wanda ya kawo sabuwar fasaha yana shigowa da tara a wuyansa, kuma lissafin kuɗi, da yake an gina shi kan tarihin ayyukan baya, ba ya da abin da zai auna ta da shi. Idan aka haɗa wannan da agogon da ke tafiya da mutum ashirin da ke jira, ɗakin yakan karkata ga abin da ya sani. Yana da matuƙar ƙwarewa wajen ɗaukar siga ɗaya ya daidaita ta har alƙaluma su rufe. Bai kai haka ba wajen tambayar ko ita ce sigar da ta dace tun farko.

JPL da kanta ta gane haka. A 2011 ta kafa wata ƙungiya, A-Team, don ta yi aiki kafin Team X, tana kuma da ma'aunin nunar ra'ayi mai hawa-hawa: hawa na 1 ra'ayi ne da aka zana a guntun takarda, na 2 gwajin yiwuwarsa, na 3 baje hanyoyi daban-daban a gwada su, na 4 kuma siga ɗaya da aka tsayar. Team X a hawa na 4 take da ƙarfi. Kafa ƙungiya ta biyu amincewa ce cewa masu kawo aiki suna tsallake hawa na 3, su zo da kumbon da suka riga suka ƙulla a zuciya suna neman a sa masa alƙaluma.

Akwai haɗari na biyu, wanda ya fi shafar mai karanta rahoto fiye da mai rubuta shi. Rahoton da ya fito daga irin wannan ɗaki yana da tsabta: nauyi ya dace da mai, wuta ta dace da batir, ga hoton kumbo a naɗe cikin hancin roka. Daidaituwar alƙaluma da juna ba ita ce gaskiyarsu ba. Suna iya jituwa sarai alhali duk sun tsaya kan zato ɗaya mai rauni, misali cewa wata na'ura za ta nuna cikin shekara biyu. Tarihin ƙiyasin farko a wannan fage ba abin alfahari ba ne: na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka fara yi mata ƙiyasin kusan dala biliyan 1 ko ƙasa da haka a shekarun 1990, ta ci kusan biliyan 10 kafin a harba ta ranar 25 ga Disamba, 2021. Ba ɗakin tsarawa ne ya jawo wannan ba, amma ya nuna irin tazarar da ke iya shiga tsakanin takarda da ƙarfe idan fasahar sabuwa ce. Haka nan ba daidai ba ne a ɗora wa ɗakunan abin da ba aikinsu ba. Kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta ranar 23 ga Satumba, 1999 saboda wata manhaja tana ba da alƙaluma da ma'aunin fam, wata tana karɓa a matsayin na newton, bambancin ninki 4.45. Akan kawo labarin a matsayin hujjar zama tare, amma kuskuren ya faru ne a lokacin tafiyar da kumbon, shekaru bayan duk wani zaman tsarawa ya watse. Abin da ya koyar shi ne cewa adadi ba ya tafiya lafiya daga hannu zuwa hannu sai da ma'anarsa da ma'auninsa.

A wannan gaɓa ce aikin shekarun baya-bayan nan ya fi yawa. A 2010 ƙungiyar ƙa'idojin sararin samaniya ta Turai ta fitar da takarda mai lamba ECSS-E-TM-10-25, wadda ta tsara yadda za a bayyana kowane adadi: sunansa, ma'auninsa, da fannin da ya mallake shi, ta yadda mai zafi zai iya karanta adadin mai wuta amma ba zai iya canja shi ba. A kanta aka gina manhajar OCDT, daga baya COMET, waɗanda suka maye gurbin tsohon tsarin Excel na CDF. Burin shi ne siffar kumbon da aka gina a ɗaki ta bi aikin zuwa hannun kamfanin da zai ƙera shi, maimakon ta mutu a cikin rahoto a sake farawa daga tushe.

Annobar korona ta 2020 ta tilasta gwajin da ba wanda ya shirya masa, domin JPL da ESA duka sun koma yin zamansu ta intanet, kuma nazarce-nazarce sun ci gaba da fitowa. Rumbun alƙaluma bai damu da inda mutum yake zaune ba. Abin da layin sadarwa ba ya bayarwa cikin sauƙi shi ne abin da Mark ta gani: a taron bidiyo mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, kuma keɓewa gefe sai an shirya ta da gangan, ke nan sai wanda aka san matsalar ta shafa za a gayyata. Injiniyan sadarwa da zai ji mai gangar jiki yana maganar matsar da wani faranti, ya ɗago kai ya ce wannan zai tare masa eriya, ba ya cikin jerin waɗanda aka kira.