Littafi Mai Tsarki da Hausa: Yadda Kiristoci Suka Sami Kalmomin Bangaskiyarsu

Wanda ya shiga majami'a a Maraɗi ko a Wusasa ranar Lahadi zai ji ana ambaton Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba da gafara. Dukkansu kalmomi ne da Hausa ta aro daga Larabci ta hanyar Musulunci, tun kafin mishan su iso. Yadda suka shiga bakin Kiristoci yana da tarihi.

Aikin ya faro ne daga James Frederick Schön, wani Bajamushe ɗan mishan na ƙungiyar CMS, wanda ya bi ayarin binciken kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A 1856 ya sami abokin aiki a Ingila, wani saurayi mai suna Dorugu, ɗan asalin ƙasar Damagaram da ke Jamhuriyar Nijar a yau. An kama Dorugu bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Barno, sannan Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Daga bakinsa Schön ya gyara Hausarsa, har ya fara fitar da sassan Linjila a 1857, aka kuma buga Sabon Alkawari a 1880. Ke nan Hausar Damagaram tana cikin tushen wannan fassara.

Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932, ta hannun Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. A lokacin, mishan na SIM sun riga sun zauna a Damagaram tun 1924, daga baya suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Ta haka littafi ɗaya ya haɗa masu bi na ƙasar da Ingila ke mulka da na ƙasar da Faransa ke mulka.

Babbar matsalar masu fassara ita ce zaɓen kalma. Idan sun ɗauki ta Musulmi, mai sauraro zai fahimce ta da ma'anar da ya saba. Idan sun ƙirƙiro sabuwa, saƙon zai zama baƙo. Sai suka raba hanya. Sun riƙe "Allah", domin da shi Bahaushe ya san Mahalicci. Amma sun zaɓi "Yesu" maimakon "Isa", don bambanta abin da suke koyarwa game da gicciye da tashi daga matattu. Wasu kalmomin yau da kullum kuwa an ɗora musu sabon nauyi: "alheri" ya zama kyautar Allah wadda mutum bai cancanta ba, "bishara" ta zama labarin ceto.

Muhawarar ba ta ƙare ba. Fassarar 1932 ta ce "Kristi", sabuwar da ta biyo bayanta kusan shekara 50 ta ce "Almasihu", sunan da Musulmi ma suka sani.

Wannan gado yana nan cikin wa'azi, waƙoƙin yabo da shirye-shiryen rediyo na yau. Kirista Bahaushe a Nijar ɗan tsiraru ne, yana gaisawa da maƙwabcinsa Musulmi da "Allah ya kiyaye", kowa ya ce "amin". Kalmar ɗaya ce, abin da kowannensu ya gaskata game da ita ne ya bambanta, kuma mai nazarin Hausa yana bukatar sanin ma'anonin biyu kafin ya fassara rubutun addini daidai.