Daga damen hatsi zuwa faktir: tarihin nauyin masallacin unguwa



Duk mai salla a ƙaramin masallacin unguwa, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya san wannan. Ana sallame Magariba sai wani dattijon kwamiti ya miƙe ya ce faktir ɗin wuta ta zo, a taimaka. Kowa ya sunkuyar da kai. Bari mu waiwaya mu ga inda wannan nauyi ya samo asali.

Zamanin kakanninmu masallaci na laka ne. Kamin damina a kira gayya, samari su kwaɓa ƙasa, magina su yi yaɓe, mata su kawo fura. Liman manomi ne kamar kowa, almajirai na taya shi noma, da kaka a kai mishi damen hatsi. Ladan kuwa muryarshi ta ishe shi. Abin da masallaci ke ci ƙarfi ne da hatsi, sau guda a shekara.

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda muke kira El Buhari, sun koro mutanen karkara zuwa birane. Sabbin unguwanni suka tashi, kowace na son masallacinta. A shekarun 1970 ne Libiya ta ba da kuɗin gina babban masallacin Yamai. Alhazanmu da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa su ma suka shiga gina na siminti da kwano. Allah ya saka musu. Amma mai gini yakan miƙa makulli ya tafi, sauran hidima ta koma kan ƴan unguwa: wuta, ruwan alwala, lasifika, fanka, shimfiɗu, da ɗan abin da za a ba liman da ladan, tunda a birni ba su da gona. Wannan kuma kuɗi ne, duk wata.

A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke mana wuta saboda takunkumin CEDEAO, masallatai da dama suka koma neman batir da sola. Ko yaushe aljihun mutum biyar ko shida ake komawa, alhali sahu ya fi haka nesa ba kusa ba. In sun gaji, liman ne ke kwana da yunwa, kunya ta hana shi faɗi.

Kakanninmu ba su gina abin da ya fi ƙarfin riƙonsu ba. Kamin mu aza tubali, mu tambayi wa zai biya faktir. Shago guda da aka yi wakafi a jikin bango, hayarshi na shiga asusu, ya fi hasumiya amfani. Kwamiti kuma ya riƙa karanta lissafi gaban jama'a, don mai ba da dala ashirin ya san inda ta shiga.

Allah ya rufa mana asiri, amin.