Sarauniya Amina Tsakanin Littafin Zane Da Fim: Asalin Gardamar Masu Kallo

Duk lokacin da aka ɗauko wani jarumi daga littafin zane aka mayar da shi fim, mabiyansa kan rabu gida biyu. Wasu su ce an ci amanar littafi, wasu su ce fim ba ya tafiya da ƙafar takarda. A Amurka wannan gardama ta fi zafi ne a kan jaruman kamfanonin Marvel da DC, masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam. A Kaduna kuwa, daga majalisun samari na Kawo da Unguwar Rimi zuwa shafukan Facebook, ta sami jarumarta ta gida, wato Sarauniya Amina ta Zazzau. Abin da ake jayayya a kai a nan ya fi launin riga nauyi, domin ya shafi tarihi da harshe da kuma wanda ke da ikon ba da labarin.

Abin da tarihi ya riƙe

Rubutattun bayanai a kan Amina ba su da yawa. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisur. Ruwayoyin Zazzau kuma sun fi kai ta ƙarni na 16, a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Garin Turunku na nan a ƙaramar hukumar Igabi, arewa da birnin Kaduna, kuma har yau ana jingina mata tsoffin ganuwoyi da dama a ƙasar Hausa. Tsakanin ruwayoyin nan akwai tazarar fiye da shekara 100, kuma a cikin wannan giɓi ne mai zane da mai shirya fim suke samun filin sukuwa.

Malika da Amina

A 2017 Roye Okupe, ɗan Nijeriya mai kamfanin YouNeek Studios a Amurka, ya fitar da littafin zane mai suna Malika: Warrior Queen. Jarumar sarauniya ce kuma shugabar mayaƙa a wata daula da ya raɗa wa suna Azzaz, a ƙarni na 15, tana fama da 'yan tawaye a gida da kuma rundunar daular Ming ta ƙasar Sin. Ba sai an faɗa wa Bazazzage inda aka samo sunan Azzaz ba. A 2019 aka yi wa labarin gajeren fim na katun, Adesua Etomi ce ta ari bakin Malika. Marubucin ya sauya suna, ya sauya ƙasa, ya ƙara tsafi da dodanni, don haka babu wanda zai tuhume shi da yi wa tarihi ƙarya. Wayo ne, kuma ya biya shi.

Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya hau Netflix a watan Nuwamba na 2021, bai nemi wannan mafaka ba. Ya ɗauki sunan gaskiya da masarautar gaskiya. Lucy Ameh ce ta fito a matsayin sarauniyar, Ali Nuhu ma yana ciki, amma da Turanci aka yi shi. Masu suka a Arewa sun tsaya a kan abubuwa sanannu: harshen da aka zaɓa, tufafin da ba su yi kama da na fadar Hausa ba, da sassan labarin da ba a san su a ruwayoyin Zazzau ba. Masu kare shi suka ce fim ne na nishaɗi, ba darasin aji ba, kuma ya kai sunan Amina inda littattafan makaranta ba su kai shi ba. A 2022 ya lashe kyautar fim mafi kyau a bikin AMVCA a Legas, abin da bai rufe bakin kowa ba.

Hujjar masu suka ta fi ƙarfi a kan harshe. Tarihin Amina yana da ƙofofi da yawa a buɗe, ba za a hana mai fim shiga ɗaya ba. Amma fada tana da kirari da gaisuwa da zaurance irin nata, kuma idan aka zare su, abin da ya rage sarauniya ce da za a iya dasawa a kowace ƙasa.

Ko fim ɗin Black Panther na 2018, wanda jaruminsa ya fara fitowa a littafin zane tun 1966, ya taɓo Arewa. An sa wani fage nasa na farko a dajin Sambisa, inda jarumin ya ceto matan da aka sace, shekara huɗu bayan sace 'yan matan Chibok. Wasu sun ji daɗin an tuna da lamarin, wasu suka ga an mayar da ciwon da bai warke ba kayan ado.

Tsohuwar sana'a ce a nan

Mayar da littafi zuwa kallo ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shehu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya shirya Magana Jari Ce na Abubakar Imam a matsayin wasa mai dogon zango, marigayi Kasimu Yero na cikin fitattun 'yan wasansa. Kuɗin gwamnati ne ya ɗauki nauyin irin waɗannan ayyuka. Da wannan hanya ta ƙafe, fim na dawakai da yaƙi da gine-ginen da ya zama abin da jarin Kannywood ba ya iya ɗauka cikin sauƙi, sai labarin ya koma hannun masu kuɗin Legas da na ƙetare.

Aron jarumi ma ba laifi ba ne a adabin Hausa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda yaran makaranta suka daɗe suna karantawa, asalinsa Iliya Muromets ne na tatsuniyoyin Rasha. An sa masa bakin Hausa da ɗabi'un Hausa, har yawancin waɗanda suka karanta shi ba su taɓa zargin baƙo ne ba.