Manomin da Na'ura Ta Tsallake: Waiwaye kan Tarihin Gyaran Kuskure a Shirin Kwamfuta

A wata kaka, ina sabon koyon harshen kwamfuta mai suna Python, na bi kawuna daga Kiru zuwa kasuwar Tudun Wada inda yake sayen shinkafa shanshera. Manoma goma sha biyu ne suka ba shi kaya bashi, yawancinsu daga yankin Doguwa, da alkawarin biya kasuwa mai zuwa. Cikin zumuɗi na rubuta ɗan shiri a wayata da zai tara kuɗinsu gaba ɗaya. Ya ba da jimla, kawu ya yarda da ni, ya ɗauko daidai abin da na faɗa. Da aka zo biya, sai kuɗi suka ƙare, ga dattijo guda tsaye da hannu wofi. Wannan kunyar ce ta sa na shiga binciken inda kuskuren shirin kwamfuta ya samo asali, na kuma tarar ya girmi ita kwamfutar kanta.

A 1843, wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, ta fassara wata maƙala a kan na'urar lissafin da Charles Babbage ya zana, ta ƙara mata bayanai nata. A na ƙarshensu ta jera matakan da na'urar za ta bi ta fitar da wasu lambobi da ake kira lambobin Bernoulli, kuma mutane da yawa na ɗaukar wannan jadawali a matsayin shirin kwamfuta na farko da aka buga. Masu nazari daga baya sun gano cewa a mataki na huɗu an sauya wa lambobi biyu gurbi: wadda ya kamata a raba ta zama mai rabawa. Ba a taɓa kammala ƙera na'urar ba, saboda haka kuskuren ya kwanta a takarda ba tare da ya cuci kowa ba.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na ranar 9 ga Satumba, 1947, a Jami'ar Harvard ta Amurka. Na'urar Mark II ta cije, ma'aikata suka bincika suka zaro wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi da ya maƙale a cikinta, suka manna shi a littafin aikinsu. Grace Hopper, ɗaya daga cikin masu aiki da na'urar, ta yi ta ba da labarin, har wasu suka ɗauka daga nan Turawa suka fara kiran matsalar na'ura ƙwaro. Ba haka ba ne, domin Thomas Edison ya yi amfani da kalmar tun a 1878. A ganina labarin yana da daɗin ji, amma yana ruɗin ɗan koyo, don yana sa shi zaton laifin daga waje ya shigo. Maurice Wilkes na Jami'ar Cambridge ya fi kusa da gaskiya. Na'urarsa EDSAC ta fara aiki a Mayun 1949, kuma ya ba da labari daga baya cewa cikin 'yan makonni, yana tsaye a kan matakalar bene, ya gane babban kaso na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakuran da shi da kansa ya rubuta.

Wani lokaci abin bai wuce ɗigo ba. Ranar 22 ga Yuli, 1962, Amurka ta harba kumbon Mariner 1 zuwa duniyar Zahra, amma kimanin minti biyar da tashinsa aka tarwatsa shi da gangan saboda ya saki hanya. Cikin dalilan akwai wani ɗan layi da ya kamata ya zauna a kan wata alama a lissafin da aka rubuta da hannu, aka bar shi wajen kwafa. Duk wanda ya riƙe allo a ƙasar nan ba zai yi mamaki ba. A rubutun da muka gada, ɗigo guda ne ke raba fa da ƙaf: na fa a ƙasa, na ƙaf a sama. Shi ya sa tsangaya ba ta taɓa amince wa satu don kawai an rubuta shi da kyau ba, sai an kai shi darasu, an karanta a gaban wanda ya fi sani, ya goge ya gyara.

Wannan hanyar ce ta fitar da ni. Da dare, bayan kawu ya ranto kuɗi ya sallami dattijon, sai ya ce, "Ɗana, ni ban san wannan boko naka ba, amma karanta mini shi baƙi-baƙi, kada ka tsallake komai." Na ce, "To, Kawu." Na umarci shirin ya riƙa nuna sunan kowane manomi yayin da yake tara kuɗinsa, ina karantawa yana lissafi da yatsu. Ya tsaya a goma sha ɗaya. Sunan farko bai fito ba sam.

Ashe Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, daga sifili yake fara ƙidaya. Manoma goma sha biyu a wurinsa suna zaune ne daga gurbi na 0 zuwa na 11, ni kuwa na ce ya fara daga 1, kamar yadda kowane ɗan Adam ke yi. Da baka na manta ban rufe ba, ko na ɓata rubutun wata kalma, da ya tsaya ya nuna mini layin da ja, kuma irin wannan kuskuren rahama ne ga ɗan koyo. Nawa kuwa nahawunsa lafiya lau, ma'anarsa ce gurguwa, don haka na'ura ta yi shiru ta bi umarni. Fara ƙidaya daga sifili ma tsohuwar muhawara ce, har masani ɗan Holan Edsger Dijkstra ya rubuta 'yar takarda a 1982 yana kare ta.

Na mayar da 1 ya zama 0, jimla ta cika. Kawu bai gamsu ba. Ya sa na gwada da manomi ɗaya tak, sannan da biyu, yana duba amsar da lissafin kansa, kafin ya yarda na sake rako shi Tudun Wada da wayar a hannu.