Yaushe Yaro Ke Zama Babba a Gaban Alƙali? Tarihin Ma'auni Uku

Ka ɗauka yau an kama samari biyar a Gwiwa da laifin fasa shago, ɗaya daga cikinsu shekarunsa 15. Kafin a tambayi abin da ya yi, akwai tambayar da ke gaba da ita: shi wannan yaro ne ko babba? Amsar ce za ta nuna kotun da za a kai shi, da inda zai kwana kafin shari'a, da irin hukuncin da zai iya hawa kansa. A ƙasar Kazaure, kamar sauran ƙasar Hausa, ma'auni uku ne suka gaji juna wajen amsa ta: na jiki, na kalanda, da na bincike kan tunani. Kowanne da tarihinsa, kuma har yau ba su gama daidaitawa ba.

Ma'auni na farko: balaga

Gwiwa tana cikin masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Alƙalan wancan lokaci da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil. A wajensu balaga ce iyaka, kuma da alamomin jiki ake gane ta: mafarki, haila, ciki, ko tsirowar gashin gaba. In babu ko ɗaya, ra'ayin da ya shahara a mazhabar shi ne a jira shekara 18. Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa a 15 suka tsaya.

Kada ka ɗauka malaman nan jiki kawai suke kallo. Sun ce abin da yaro ya aikata da gangan a jini ana ɗaukarsa kamar kuskure ne, don haka babu ƙisasi a kansa, sai diyya. In ya ɓata dukiyar wani za a biya, kuma ana iya ladabtar da shi, amma ba a tsayar masa da haddi. Sun kuma raba balaga da abin da suke kira rushdu, wato iya riƙon dukiya. Mutum zai iya balaga amma a ƙi sakar masa gadonsa sai an ga hankalinsa ya zauna.

Ga wata ƙa'ida da za ta ba ka sha'awa. Malikiyya sun yarda da shaidar yara a kan junansu game da rauni, amma da sharaɗin ba su watse ba tukuna, kuma wani babba bai shiga tsakaninsu ba. Dalili? Yaro yana da saurin karɓar abin da aka cusa masa. A 1995, Michelle Leichtman da Stephen Ceci na Jami'ar Cornell a Amurka sun gwada wannan da yara 176 'yan ƙasa da shekara bakwai. Wani baƙo ya shiga ajinsu na ɗan lokaci, bai taɓa komai ba ya fita. Da aka yi ta yi wa wasu daga cikin yaran tambayoyi masu jan hankali zuwa ga cewa ya yaga littafi, da yawansu suka koma suna ba da labarin ɓarnar da ba ta faru ba. Ka ga ashe abin da alƙalan da suka kiyaye da lura, gwaji ya zo ya gaskata shi.

Ma'auni na biyu: kalanda

Turawa sun ci Kano a 1903, suka sa Kazaure cikin Lardin Kano, suka bar kotunan alƙalai suna aiki a ƙarƙashin sa idon Razdan da Di'o. Babban sauyi ya zo gab da samun 'yancin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, don su ba da shawara kan dokar laifuka ta Jihar Arewa. Daga nan aka sami Final Kod, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860.

Sashe na 50 na Final Kod ya ce yaron da bai kai shekara bakwai ba ba ya laifi kwata-kwata. Wanda ke tsakanin bakwai da 12 kuwa, sai in an tabbatar yana da hankalin gane abin da ya aikata da abin da zai biyo baya. Waɗannan lambobi, bakwai da 12, daga dokar Indiya suka taso, ba wanda ya auna yaran Roni ko Babura kafin a rubuta su. A 1962 aka yi dokar gidajen horar da kangararrun matasa, irin wanda ke Kaduna, sannan a 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e.

Bayan an cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, abubuwa biyu suka biyo baya. A 2000 jihar ta shiga sahun waɗanda suka dawo da shari'ar Musulunci a fannin laifuka, ma'aunin balaga ya sake shigowa kotu. A 2003 kuma Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Sai dai dokar ba ta hawa kan jiha sai majalisarta ta yi tata. Jigawa ta yi hakan a Disamba 2021, lokacin da Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar kare yara, Kano kuma sai a 2023.

Matsalar kalanda ita ce sai da takarda. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. In babu takarda, sai a koma kallon tsayi da gemu. An ga illar hakan ranar 1 ga Nuwamba, 2024, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, lokacin da aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu daga Kano da Kaduna, bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa. Sun yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Lauyan gwamnati ya ce manya ne, masu kare su suka ce yara ne. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su ranar 4 ga wata.

Ma'auni na uku: abin da ke cikin kai

A shekarar da kwamitin Abu Rannat ke zama a Kaduna, wani ɗalibi a Jami'ar Chicago, Lawrence Kohlberg, yana kammala kundin digirinsa na uku. Ya tattauna da yara maza 72 masu shekara 10, 13 da 16. Yakan ba su labarin mutumin da matarsa ke bakin mutuwa, mai magani ya tsauwala kuɗi: shin ya sata ko kada ya sata? Ba amsar ta dame shi ba, dalilin da yaro zai kawo yake nema. Ya lura ƙanana sun fi cewa "za a kama shi", manya kuma suna kawo maganar doka, amana da darajar rai. Kafin shi, a 1932, Jean Piaget ya nuna ƙananan yara suna auna laifi da girman ɓarna, sai sun tasa suke duba niyya.

An soki Kohlberg, kuma da hujja. Carol Gilligan ta nuna a 1982 cewa ya gina matakansa a kan maza zalla. Wasu suka ce yaran birni ɗaya a Amurka ba su isa su wakilci duniya ba. Cikin waɗanda suka gwada hanyarsa a nan gida akwai Muhammad Maqsud, wanda ya buga bincike a 1977 kan yadda matasa Musulmi 'yan Najeriya ke yanke hukuncin daidai da kuskure.

Amma binciken da ya fi shafar samarin nan biyar na Gwiwa shi ne na 2005. Margo Gardner, tana ɗalibar babban digiri a Jami'ar Temple, tare da malaminta Laurence Steinberg, sun sa mutum 306 wasan tuƙin mota a kwamfuta. Fitila za ta koma ruwan ɗorawa, kai kuma ka zaɓa: ka tsaya, ko ka ci gaba don ƙarin maki, ka yi kasadar karo. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu a gaban tsaransu biyu. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka kasadarsu da abokai ke kallo. Waɗanda suka kai 24 zuwa sama kusan ba su canza ba. A 2011 aka maimaita gwajin da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ga sanin cewa abokai na kallo kawai ya isa ya zaburar da sashen da ke jin daɗin lada a kan matashi. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka birki, shi kuwa yana ci gaba da nuna har bayan shekara 20.

Wata ɗalibar Steinberg, Grace Icenogle, ta jagoranci rahoton 2019 kan mutum sama da 5,000 a ƙasashe 11, ciki har da Kenya, Jodan da Indiya. Sakamakon: iya tunani a natse yana kai matsayin na manya wajen shekara 16, amma iya kame kai cikin zafin rai ko matsin abokai sai bayan 18. Wato yaro ɗan 16 zai iya gaya maka sarai sata haramun ce, kuma da gaske yake, amma da dare cikin zugar abokai wannan sanin ya kasa riƙe shi.

Irin waɗannan hujjoji sun shiga kotu. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta hukuncin kisa kan laifin da aka aikata kafin shekara 18. A 2019 kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shawarci ƙasashe da kada shekarun ɗaukar alhakin laifi su gaza 14. Kwatanta wannan da bakwai ɗin Final Kod.

Taro ba guba ba ne

To kada ka fahimci cewa abokai sharri ne kawai. A 1954 Muzafer Sherif da ɗalibansa sun kai yara maza 22 wani sansani a jihar Oklahoma, suka raba su gida biyu, suka haɗa su gasa. Cikin 'yan kwanaki aka kai ga ƙona tuta da kai wa juna hari. Wa'azi bai sasanta su ba, cin abinci tare ma faɗa ya zama. Abin da ya yi aiki shi ne matsalar da gida ɗaya ba zai iya magancewa ba: ruwan sansanin ya yanke, motar abinci ta ƙi tashi sai da duka suka ja ta da igiya. Gwajin yana da rauni, don masu binciken da kansu suka hura wutar, kuma wani yunƙurinsu na 1953 ya rushe saboda yaran sun gane ana haɗa su faɗa. Duk da haka darasin ba baƙo ba ne ga wanda ya san gayya, ko yadda sarkin samari ke tara matasa gyaran hanya da maƙabarta. Ƙarfin da ke tura yaro fasa shago don kada a ce masa matsoraci, shi ne ke sa ya wuni yana noma gonar wani don kada a ce masa rago.

Me ya rage mana?

Cikin ƙasashe 11 na binciken Icenogle babu Najeriya. Yaron da ya tashi yana kiwo, ko yana riƙe da shagon babansa tun yana ɗan 12, ko ya yi shekaru a makarantar allo nesa da gida, yanayinsa daban ne da na yaron Philadelphia, kuma auna shi aiki ne da ke jiran ɗaliban manyan digiri a Jami'ar Bayero, Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Gwajin tuƙin nan kwamfuta ɗaya da aji ɗaya yake buƙata, da izinin iyaye.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunka. In kana da ɗa ko ƙane, ka yi masa rajistar haihuwa a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka adana takardar. In an kama yaro a unguwarku, a fara da tabbatar da shekarunsa, kada a bari a yi masa tambayoyi ba tare da waliyyi ko lauya ba, kuma a nemi kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da manyan masu laifi. In kuma kai ne mai sulhu, mai unguwa ko dagaci, ka tambayi su wa ke tare da shi lokacin da abin ya faru, da wanda ya girme su a cikinsu. Wanda aka fasa wa shago yana da haƙƙin a biya shi, fiƙihu da doka duk sun yarda da haka. Abin da ma'aunan uku suka haɗu a kai shi ne, biyan ɓarna daban, ɗora wa ɗan 15 hukuncin ɗan 30 daban.