Tarihin Ɗan Tsakiya: Daga ARPANET Zuwa Ƙirƙirarriyar Basira

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata ƙaramar manhaja da jama'a ba su cika sanin sunanta ba, alhali saƙonni masu ɗimbin yawa ta hannunta suke bi. Masu sana'ar kwamfuta suna ce mata furokzi, mu kuwa a nan ɗan tsakiya za mu ce. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin manhajoji biyu masu son magana da juna waɗanda hanyarsu ta sha bamban, ya karɓa daga wannan ya miƙa wa waccan. A 2025 sunansa ya sake tashi saboda manhajojin ƙirƙirarriyar basira, amma ya girme su nesa ba kusa ba.

Bari mu daidaita kalmomi uku tun yanzu don kada mu ɓata a hanya. Manhajar da ke neman abu ita za mu kira mai nema. Wadda ke riƙe da abin tana bayarwa ita ce saba. Sai hanyar jigila, wato yadda saƙo ke tashi daga ɗaya ya isa ga ɗayar. Wasiƙa guda ana iya ba direban mota ita, ana kuma iya sa ta a jirgin ƙasa. Abin da ke cikin ambulan yana nan yadda yake, abin hawan ne ya bambanta. To idan mai aikawa mota kawai ya sani, mai karɓa kuma yana can tashar jirgi yana jira, dole a sami wanda zai sauke a nan ya ɗora a can.

Labarin ya faro ne a Amurka. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, aka aika saƙon farko a kan ARPANET, daga jami'ar UCLA da ke Los Anjales zuwa cibiyar bincike ta SRI. Kafin shekarar ta ƙare wurare 4 ne ke haɗe. Muddin turakar guda ce, babu wata matsala, domin duk kwamfutocin da ke cikinta ƙa'ida ɗaya suke bi, wadda aka sani da NCP. Rikicin ya taso ne da aka gina wasu turaku daban, wata tana aiki da rediyo, wata da tauraron ɗan'adam, kowacce da girman ƙunshin saƙonta da tsarin adireshinta.

A watan Mayun 1974, Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa takardar da ta zama tushen TCP/IP. Maimakon su tilasta wa kowace turaka ta sauya halinta, sai suka ce a ajiye wata na'ura a kan iyaka, mashiga mai fuska biyu. Za ta karɓi ƙunshi daga turakar farko, ta cire masa rigar can, ta sa masa rigar ta biyu, ta tura shi gaba, ba ruwanta da abin da ke ciki. Virginia Strazisar ta kamfanin BBN ce ta rubuta manhajar mashigar farko. Ranar 22 ga Nuwamba, 1977, aka yi babban gwaji: saƙo ya tashi daga wata mota da ke tafiya a kan titi a Kalifoniya ta hanyar rediyo, ya shiga ARPANET, ya tsallaka teku ya bi ta Norway da Landan, ya komo ta tauraron ɗan'adam, ya sauka a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Turaku uku ya ratsa, kuma ya isa lafiya. Wannan mashiga ita ce kakar ɗan tsakiya.

Shi kansa ɗan tsakiyan ya fito fili ne lokacin da ARPANET za ta bar NCP ta koma TCP/IP. A Nuwamban 1981 Jon Postel ya fitar da tsarin ƙaurar a takarda mai lamba RFC 801, aka tsayar da 1 ga Janairu, 1983 a matsayin ranar sauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ya san ba kowa zai shirya lokaci ɗaya ba. Saboda haka tsarin ya tanadi wasu kwamfutoci masu jin harsunan biyu. Wanda kwamfutarsa NCP kawai ta iya sai ya fara shiga ɗaya daga cikinsu, daga nan ya wuce zuwa mai TCP. Wasiƙun imel ma haka, su sauka a tsakiya a tura su gaba. Mu riƙe wannan da kyau, domin za mu sake haɗuwa da shi: tun ranar farko ɗan tsakiya ma'aikacin wucin gadi ne, na lokacin ƙaura.

Daga nan sai mu tsallaka Turai, cibiyar CERN da ke kusa da Janiba a Suwizalan, inda Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar yanar gizo a 1989. A farkon shekarun 1990 yanar ba ita kaɗai ce a fage ba. Akwai FTP na ɗaukar fayil, akwai Gopher da Jami'ar Minnesota ta fitar a 1991, akwai WAIS na bincike. Ga kuma ma'aikatu da suka fara kewaye kwamfutocinsu da katangar tsaro, na ciki ba ya iya leƙa waje kai tsaye. A 1994, a taron farko na duniya kan yanar gizo da aka yi a Janiba, Ari Luotonen na CERN da Kevin Altis na Intel suka gabatar da takarda kan furokzi. Dabararsu mai sauƙi ce: burauza ta yi wa ɗan tsakiya magana da HTTP kawai, shi kuma ya je ya yi FTP ko Gopher a madadinta ya kawo amsa. Har suka ƙara masa aikin ajiye kwafin shafin da aka taɓa nema, don na biyu ya samu da sauri. A nan ɗan tsakiya ya sami muƙami na biyu. Tunda kowa ta gabansa yake wucewa, ya zama mai gadin ƙofa, yana ganin wanda ya nemi me.

Akwai wani zare da ya kamata mu ɗauko kafin mu iso zamaninmu. A 1973, a ɗakin binciken Bell Labs, Ken Thompson ya sa wa tsarin Unix abin da ake kira bututu, bisa shawarar Doug McIlroy. Kowace manhaja tana da bakin shiga da bakin fita, sai a jona fitar wannan da shigar waccan. Wannan hanya, wadda ake rubutawa stdio, a cikin kwamfuta ɗaya take aiki, ba ta bukatar intanet. A 2016 Microsoft ta fitar da ƙa'idar LSP, wadda ta bai wa manhajojin rubuta lambobin kwamfuta damar magana da mataimakansu da saƙonnin JSON-RPC, galibi ta wannan tsohon bututu.

Daga LSP ɗin nan aka ɗauki darasi wajen gina MCP, ƙa'idar da kamfanin Anthropic ya sanar ranar 25 ga Nuwamba, 2024, wadda David Soria Parra da Justin Spahr-Summers suka tsara. Manufarta ita ce manhajar ƙirƙirarriyar basira ta iya tambayar wata saba: waɗanne kayan aiki gare ki? Sa'an nan ta ce: buɗe min fayil kaza, ko bincika min rumbun bayanai kaza. Saƙonnin duk JSON-RPC ne, amma hanyar jigila biyu aka tanada. Ta farko bututun stdio: mai nema ta tayar da sabar a cikin kwamfutar da take, su riƙa musayar saƙo, kowane saƙo layi guda. Ta biyu ta sabar da ke nesa ce, HTTP haɗe da SSE: a buɗe layi ɗaya a bar shi a buɗe don saba ta riƙa turo magana, mai nema kuma ta riƙa aika nata ta wata ƙofa daban.

Hanya ta biyun ba ta daɗe ba. Saba sai ta riƙe layi a buɗe ga kowane mai nema, in kuma layin ya katse ba a iya ci gaba daga inda aka tsaya. Duk wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki ya san illar haka. Ranar 26 ga Maris, 2025, sabon bugun ƙa'idar ya maye gurbinta da wata hanya mai ƙofa ɗaya, wadda za mu iya kira HTTP mai kwarara: saba ta ba da amsa a dunƙule in ta ga dama, ko ta kwararo ta kaɗan-kaɗan. Bugun ya kuma kawo tsarin ba da izini bisa OAuth 2.1. A wannan watan OpenAI ta ce za ta karɓi MCP, Google ta biyo baya a Afrilu.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, sai dai ba duk 'yan rawa ke juyawa tare ba. Cikin wata 4 kacal aka wayi gari da hanyoyi uku a kasuwa. Manhajoji da yawa, har da Claude Desktop a farkon fitowar MCP, bututu kawai suka iya. Wasu sabobi suna kan tsohuwar SSE, sababbi kuma sun koma HTTP mai kwarara. Halin da Postel ya tarar a 1981 ya dawo, maganin ma bai canza ba. Masu rubuta manhaja suka fito da 'yan tsakiya irin su mcp-remote da mcp-proxy da supergateway.

Ga yadda aikin yake. A fuska ta farko, mai nema tana tayar da ɗan tsakiya a cikin kwamfuta kamar yadda za ta tayar da kowace saba, ita a ganinta saba ce. Duk layin da ta zuba a bututu, shi zai ɗauka ya naɗe da HTTP ya aika wa sabar gaske da ke nesa. Amsa in ta dawo, ya warware ta ya zuba a bututu. A fuska ta biyu kuwa juyawa ake: sabar da bututu kawai ta sani, shi zai tayar da ita, ya buɗe mata ƙofa a kan intanet don na nesa su same ta. Ƙwarewarsa ita ce kada ya taɓa ma'anar saƙo. Lambar da ke jikin kowace tambaya dole ta dawo a jikin amsarta, dole ya riƙe shaidar zaman da saba ta ba shi, in layi ya katse ya san abin yi, in akwai masu nema da yawa kada ya ba wani amsar wani.

A nan ne batun amana ya shigo. Duk abin da ya wuce tsakanin manhajar basira da saba, shi ɗan tsakiya a buɗe yake ganinsa: sunan fayil, abin da ke cikin fayil, da mabuɗin izinin da aka ba mai kwamfutar. Yana kuma aiki ne a cikin kwamfutar da ikon mai ita. A Yulin 2025 masu binciken tsaro na kamfanin JFrog suka bayyana wata ɓaraka a mcp-remote, mai lamba CVE-2025-6514, wadda aka auna haɗarinta a 9.6 cikin 10. Lokacin neman izini, saba kan turo adireshin shafin da za a buɗe a burauza. Sai aka gano cewa muguwar saba za ta iya cusa umarni a madadin adireshin, ɗan tsakiya ya miƙa wa kwamfuta ba tare da ya bincika ba, ita kuma ta aiwatar. Abin ya fi muni a kan Windows. An toshe ɓarakar a bugu na 0.1.16, amma wanda bai sabunta nasa ba ƙofarsa tana nan a buɗe.

Fuska ta biyu ma da nata haɗarin. Sabar da aka rubuta don bututu ba a yi mata makulli ba, domin wanda ya rubuta ta bai zaci baƙo zai iso gare ta ba. Ranar da ɗan tsakiya ya buɗe mata ƙofa a intanet, ɗakin da yake can ƙurya ya koma bakin titi. Shi ya sa ƙa'idar MCP da kanta ta yi gargaɗi cewa sabar da ke aiki a gida ta tsaya a adireshin 127.0.0.1, wanda kwamfutar kaɗai ke iya kaiwa gare shi, ta riƙa duba daga inda kowace buƙata ta fito, ta kuma tantance mai shiga.

In muka jera 1977 da 1983 da 1994 da 2025, abu ɗaya muke gani yana maimaituwa. Ƙa'ida takan sauya a takarda rana ɗaya, manhajojin da ke hannun mutane kuwa sai a hankali, kuma a wannan tazara ɗan tsakiya ke cin abincinsa. Wani yakan tafi in ƙaura ta ƙare, kamar kwamfutocin Postel. Waɗanda suka rubuta mcp-remote ma sun faɗa tun farko cewa a cire shi da zarar mai nema ta iya magana da sabar nesa da kanta. Wani kuma yakan zauna ya zama mai gadi, kamar furokzin CERN wanda jikokinsa ke tsaye a ƙofar ma'aikatu har yau. A Disamban 2025 aka miƙa ragamar MCP ga wata gidauniya a ƙarƙashin Linux Foundation, aikin gyaran ƙa'idar kuma yana ci gaba, don haka wata tazarar za ta sake buɗewa.

Saboda haka, ɗan uwa ko 'yar uwa, ranar da wani ya turo umarni ya ce a manna shi don manhajar basira ta iya karanta fayilolin da ke kwamfutarmu, inda daftarin littafin da ba mu fitar ba yake ajiye, mu tsaya mu yi tambaya huɗu. Wa ya rubuta ɗan tsakiyan? Wane bugu ne, an sabunta shi? Wace saba yake kai saƙo, mun yarda da ita? Sa'an nan, har yanzu ana bukatarsa, ko manhajar tamu ta riga ta iya hanyar da kanta? In amsar ta ƙarshe ta nuna ba a bukatarsa, a sallame shi.

Muna jiran gyara da ƙarin bayani daga waɗanda suka fi mu sanin fannin. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.