Sanyi Mai Tsanani da Lissafin Wutar Lantarki a Ƙwaƙwalwar Kwamfutar da Aka Ƙure wa Gudu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba da'awar cewa sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta da ruwan naitirojin yana rage mata cin wuta. An bi hanyar lissafi bisa dokokin kimiyyar zafi, aka kuma dubi wasu gwaje-gwaje da aka yi a bainar jama'a daga 1987 zuwa 2022. Binciken ya nuna cewa ragin da ake gani a jikin ƙwaƙwalwar bai kai wutar da ake kashewa wajen samar da sanyin ba.

Gabatarwa

Ƙure gudu shi ne tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi aiki da saurin da ya wuce wanda kamfani ya ƙayyade mata. A 2011 an kai ƙwaƙwalwar AMD FX-8150 gudun gigahaz 8.429, wanda ya shiga kundin Guinness. A watan Disambar 2022 wata tawaga ta kamfanin ASUS ta haura gigahaz 9 da Intel Core i9-13900K, da taimakon ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana fama, ƙarin bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wuta nawa aka sha?

Yadda sanyi ke taimakawa

Wutar da ƙwaƙwalwa ke sha kashi biyu ce. Akwai ta aiki, wadda take ƙaruwa daidai da gudu, kuma take ninkuwa huɗu idan an ninka ƙarfin bolt sau biyu. Akwai kuma ta yoyo, wadda ke zurarewa ta cikin tiransistoci ko da ba sa komai, kuma tana hauhawa sosai da zafi. A sanyin naitirojin, wato digiri 196 ƙasa da sifili, yoyon da zafi ke haddasawa yana kusan ƙafewa, wayoyin jan ƙarfe kuma suna barin wuta ta wuce cikin sauƙi. Saboda haka wanda ya auna wuta a bakin ƙwaƙwalwar kaɗai zai ga ragi na gaskiya.

Sai dai masu gasar ƙure gudu ba sa ajiye wannan rarar. Nan take suke mayar da ita ƙarin bolt. A ɗauka, a matsayin misali, an ɗaga gudu daga gigahaz 5.5 zuwa 8, bolt kuma daga 1.3 zuwa 1.7. Gudu ya ƙaru da kashi 45 cikin 100, amma wutar aiki ta ninku kusan sau biyu da rabi.

Kuɗin sanyin kansa

A nan gizo ke saƙa. Dokar Carnot ta kafa iyakar da babu injin da zai ƙetare ta: domin a ɗebe wat ɗaya na zafi daga wuri mai sanyin Kelbin 77, wato sanyin ruwan naitirojin, a zubar da shi a ɗaki mai Kelbin 300, sai an kashe aƙalla wat 2.9. Injinan da ake da su a zahiri suna cin fiye da ninkin wannan.

Mai kallon gasa ba ya ganin wannan wuta, domin an riga an kashe ta wajen samar da ruwan naitirojin a masana'anta. Abin da yake gani shi ne tukunyar jan ƙarfe a ɗaure bisa ƙwaƙwalwa, allon da ƙwaƙwalwar ke kai an shafe shi da man Vaseline an naɗe da tawul ɗin takarda don kada raɓa ta haɗa wuta, mutum riƙe da fulas yana tsiyaya ruwan yana tafarfasa, farin tururi na kwarara kan tebur. Idan sanyi ya yi yawa har ƙwaƙwalwar ta ƙi tashi, sai ya kunna ƙaramar fitilar gas ya ɗumama tukunyar, wato ya ƙona sanyin da aka saya da tsada.

Lita ɗaya ta ruwan naitirojin tana ɗauke zafin kimanin kilojul 160 kafin ta ƙafe. Ƙwaƙwalwar da ke fitar da wat 500 za ta shanye kusan lita 11 a sa'a guda, wato kimanin kilo 9. Mafi ƙarancin aikin da kimiyya ta yarda da shi wajen mayar da kilo ɗaya na iskar naitirojin ruwa shi ne kimanin kilojul 770. Idan an haɗa, akwai ɓoyayyen wat 1,900 a bayan wat 500 ɗin da mita ta nuna, tun kafin a sa asarar masana'anta da ta dako da abin da ke ƙafewa a tanki. Ko da sanyin ya kashe yoyo ƙurmus, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Sanyi matsakaici ma bai tsira ba. A baje kolin Computex na 2018 a Taipei, Intel ta nuna ƙwaƙwalwa mai cibiyoyi 28 tana gudun gigahaz 5, daga baya aka gano cewa injin sanyaya ruwa mai ƙarfin doki ɗaya ne yake riƙe da ita. Na'urorin Peltier na sanyaya ƙwaƙwalwa da kamfanonin EK da Cooler Master suka fitar a 2020 suna iya shan kusan wat 200 su kaɗai, kuma wannan wutar zafi take komawa, sai an sake kwashe shi.

Tattaunawa

Tunanin ba sabo ba ne. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin ETA Systems na Amurka ya tsoma ƙwaƙwalwar babbar kwamfutarsa ETA10 cikin ruwan naitirojin, gudunta ya kusan ninkuwa, amma a 1989 aka rufe kamfanin. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce a ƙera tiransista tun asali domin sanyi, a yi amfani da sanyin wajen sauke bolt ƙasa sosai. Lissafin da ya gabata ya nuna sharaɗin: ko da injin sanyaya maras asara ne, dole wutar ƙwaƙwalwar ta sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu kafin a tashi ba riba ba faɗuwa. Ƙwaƙwalwar kasuwa da aka ƙure wa gudu tana tafiya ne ta akasin wannan hanya.

Ana kira ga masu bincike da duk lokacin da za su bayar da alƙaluman aiki bisa kowane wat, su faɗi inda suka dasa mitarsu, su kuma rubuta adadin litar naitirojin da aka tsiyaya.